Jakar iskar mai nutso: nawa ya kamata ta iya ɗagawa a ruwan Volta?

Tamale ba garin bakin ruwa ba ce. Daga nan zuwa gaɓar teku a Accra tafiyar kusan kilomita 600 ce a mota. Sai dai duk hanyar da mutum ya bi ya fita daga birnin, ba zai daɗe ba zai tarar da ruwa. Farin Volta yana ratsa Nawuni, inda ake janyo ruwan famfon Tamale, ya gangara Yapei a kan hanyar Kumasi. Baƙin Volta yana Buipe. Ta wajen Salaga kuma hanya tana ƙarewa ne a Makango, inda jirgin fito ke ƙetare tafki zuwa Yeji. Kusan kowace shekara, wajen Agusta da Satumba, idan aka buɗe madatsar Bagre ta Burkina Faso, Farin Volta kan cika ya malale gonaki da ƙauyuka, hukumar agajin gaggawa ta NADMO ta shiga aiki. Kwalekwale ya kife, inji ya faɗa ruwa, koma ta sarƙe, mutum ya nutse, kowanne yana neman wanda zai shiga ƙarƙashin ruwa.

Kayan nutso na zamani daga waje ake shigo da su, kuma mai neman na sauƙin kuɗi sau da yawa gwanjo zai samu, irin wanda aka ƙera domin ruwan sanyi na Turai. A cikin kayan akwai guda ɗaya da aka fi yin kuskure wajen zaɓensa, wato jakar iska da ake goyawa a baya. Hankalin mai saye yakan tafi ga babba, a tunaninsa wadda ta fi ɗaga nauyi ita ta fi tsare rai. A ruwan ɗumi irin na arewacin Gana lissafi bai goyi bayan wannan tunani ba.

Mece ce jakar, kuma me take yi?

Jaka ce ta roba mai kama da salka ko tiyub ɗin mota, an lulluɓe ta da yadi mai ƙarfi. Tana zama tsakanin tukunyar iska da wani faranti na ƙarfe ko na alminiyam da mai nutso yake ɗaurawa a gadon bayansa. Masu sayarwa a Gana suna kiran ta da sunanta na Turanci, wing, wato fiffike, saboda yadda take buɗewa dama da hagu. A Lome da Abijan da Kwatano za a ji ana cewa stab ko bouée dorsale. Akwai tiyo da ke kawo mata iska daga tukunya, da maɓalli biyu a hannun hagu, ɗaya na hurawa ɗaya na sacewa, sai kuma bawul da ke buɗe kansa idan ta cika ta batse.

Masu nutso na farko ba su da ita. Lokacin da Jacques Cousteau da Émile Gagnan suka ƙera na'urar shaƙar iska a Faransa a 1943, da ƙarfin ƙafa da na huhu kawai ake daidaita nauyi. A 1961 Maurice Fenzy ya fito da wata jaka da ake ratayawa a wuya. Ta bayan, wadda ake magana a kanta a nan, ta samu karɓuwa ne daga baya a hannun masu shiga kogunan dutse da ruwa ya cika a jihar Fulorida ta Amurka, waɗanda aikinsu ke buƙatar su kwanta miƙe cikin ruwa ba tare da ƙafarsu ta tayar da laka ba.

Ƙa'idar aikinta tsohuwa ce, kuma kowane masunci ya san ta ko da bai taɓa jin sunan Arkimidis ba. Duk abin da aka sa a ruwa, ruwa yana tura shi sama daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce. Saboda haka jakar da ke ɗaukar lita 10 na iska za ta ɗaga kilo 10 a tafki. Masuntan Argungu da ke kwanciya a kan gora a kogin Matan Fada da wannan ƙa'ida suke aiki. Bambancin shi ne gora ba ya motsi, girmansa ɗaya ne ko yaushe, kuma a saman ruwa yake aikinsa. Jaka kuwa tana bin mai ita zuwa ƙasa, iskar cikinta tana matsewa idan an nitsa, tana kumbura idan an taso. Daga wannan bambanci ne duk amfaninta da duk haɗarinta suka fito.

A saman ruwa matsin da ke kan mutum bar 1 ne. Kowace mita 10 ta zurfi tana ƙara bar ɗaya: a mita 10 bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iskar da ta cika lita 6 a mita 10 za ta zama lita 12 a sama. Babu inda girman iska ke sauyawa da sauri kamar a cikin mita goman farko, kuma yawancin aikin kogi da bakin tafki a nan ake yin sa.

Lambar da ke jikinta

Kowace jaka tana da lamba a rubuce. Kamfanonin Amurka da laba suke rubutawa: 18, 25, 30, 40, 60. Na Turai da kilo ko lita, wani lokaci da niyuton, musamman waɗanda ke ɗauke da hatimin ma'aunin EN 1809. Laba ɗaya kilo 0.454 ce, niyuton 10 kuma kusan kilo ɗaya. Ke nan laba 18 kusan kilo 8 ce, laba 30 kilo 13 da rabi, laba 40 kilo 18, laba 60 kilo 27.

Wannan lamba ba ta da alaƙa da girman jikin mai nutso. Jikin ɗan Adam a cikin ruwa kusan ba shi da nauyi, domin yawancinsa ruwa ne. Ƙato mai kilo 100 da siriri mai kilo 60, idan kayansu iri ɗaya ne, jaka iri ɗaya za su goya. Hasali ma mai ƙiba ya fi tasowa, shi ne zai nemi ƙarin dalma. Abin da jakar ke ramawa shi ne nauyin da ke sauyawa a tsawon nutso da nauyin kayan da ke nutsewa.

Kafin a yi lissafi: dalma

Duk lissafin da zai biyo baya ya dogara ne a kan cewa dalmar da mai nutso ya ɗaura daidai take. Hanyar gwadawa ba ta da wuya. A shiga ruwa da cikakkun kaya, da tukunyar da iskarta ta kusa ƙarewa, kamar saura bar 50. A sace jakar gaba ɗaya, a yi numfashi irin na kullum a riƙe. Idan ruwa ya tsaya daidai idanu, kuma da an fitar da numfashin mutum ya fara nitsewa a hankali, to dalma ta yi. Manufa ita ce a ƙarshen nutso mutum ya iya tsayawa a zurfin mita 5 na minti uku, jakarsa kusan babu komai, ba ya sama ba ya ƙasa.

Wanda ya koyi nutso a teku, a Tema ko Takoradi, sai ya kula da nan. Litar ruwan gishiri kilo 1.025 ce, wato ta fi ta ruwan daɗi nauyi da kashi biyu da rabi cikin ɗari. Abin kamar ba komai ba, amma a kan jimillar nauyin mutum da kayansa ake lissafa shi. Idan jimillar kilo 100 ce, dalmar da ta yi daidai a teku ta yi yawa da kilo biyu da rabi a Volta. Mutane da dama sukan taho da ɗamarar tekunsu yadda take, su ji suna faɗawa ƙasa kamar dutse, sai su ɗora laifin a kan ƙanƙantar jaka.

Tambayoyi uku

Ta farko: a ƙasa, a farkon nutso, nawa mutum zai yi nauyi? Abu biyu ne ke haddasa wannan. Ɗaya iskar da ke cikin tukunya. Iska tana da nauyi, kusan giram 1.2 kowace lita. Tukunyar alminiyam da aka fi gani a duniya, mai lita 11 da ake cikawa zuwa bar 207, tana ɗauke da iska ta kusan kilo 2.7. Ta ƙarfe mai lita 12 a bar 232 tana ɗauke da kilo 3.3, mai lita 15 kuma kilo 4 da ɗan ɗoriya. Tunda an daidaita dalma da tukunyar da ta kusa ƙarewa, mafi yawan wannan nauyi ƙari ne a farkon nutso, yana raguwa da kowane numfashi. Na biyu rigar roba. An yi ta ne da soson roba mai ƙananan kumfan iska, shi ya sa take tasowa, kuma shi ya sa matsin ruwa ke latse ta. Cikakkiyar riga mai kaurin milimita 3 tana ɗaga kilo biyu ko ɗan fiye a sama, mai milimita 5 wajen kilo huɗu, mai milimita 7 tana iya kai shida zuwa takwas, gwargwadon girmanta da tsufanta. A mita 30 ta rasa fiye da rabin wannan. Don a huta da shakka, a ɗauka ta rasa duka. A haɗa nauyin iska da na asarar riga, amsar farko ke nan.

Ta biyu: a saman ruwa, da cikakkiyar tukunya, jakar za ta iya fitar da kan mutum sarai? Kan babban mutum kilo huɗu zuwa biyar ne, kuma duk abin da ya fito daga ruwa nauyinsa na tudu ya dawo. A nan riga ba ta latse ba, don haka nauyin iskar tukunya kawai za a haɗa da na kai.

Ta uku: idan an cire kayan a ruwa, za su taso su kaɗai? Wannan tambaya ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda littattafan waje ke nunawa. Can daga babban jirgi mai tsani ake shiga ruwa. A Volta daga kwalekwale ne, kuma babu mai hawa kwalekwale da tukunya a baya sai dai idan yana son kifar da shi. Dole a kwance kayan a ruwa, mutum ya hau, sannan a janyo su. Idan jakar ba ta iya ɗaukar tukunya da faranti da regileta da tocila da dalmar da aka maƙala musu ba, suna barin kafaɗa sun tafi ke nan.

A cikin amsoshi ukun, wadda ta fi girma ita ce mafi ƙarancin abin da jaka za ta iya ɗagawa. Ba a tara su wuri ɗaya, domin ba lokaci ɗaya suke faruwa ba. A ɗora kilo biyu ko uku na ko-ta-kwana, a zaɓi jakar da ta fi kusa da jimillar.

A Yapei da kuma a Takoradi

A ɗauki mai aikin ceto da zai shiga Farin Volta a Yapei ko tafki a Yeji. Saman ruwan tafkin yakan tsaya tsakanin digiri 27 da 30 a mafi yawan shekara, don haka rigar milimita 3 ta ishe shi, kuma ya fi sa ta don kare fata daga rassa da ƙugiya fiye da don sanyi. Tukunyarsa ta alminiyam ce, farantinsa ma haka.

Amsar farko: iska kilo 2.7, riga kilo 2.5, jimilla kaɗan fiye da kilo 5. Ta biyu: iska 2.7 da kai 5, kusan kilo 8. Ta uku: cikakkiyar tukunyar alminiyam a ruwan daɗi tana nutsewa da kusan kilo 1, regileta kilo 1 da ɗan abu, faranti da maɗauransa kilo 1, dalmar da ke jikin kayan kilo 2, tocila da wuƙa rabin kilo, jimilla wajen kilo 6. Mafi girma kilo 8 ne. Da ko-ta-kwana ya zama 10 ko 11. Jakar laba 25 ta yi masa daidai, ta laba 18 ma za ta yi idan ruwa a kwance yake, ta laba 30 kuma ita ce iyakar abin da zai iya karewa da hujja.

Yanzu a kai mutumin nan gaɓar Takoradi a watan Agusta. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan sanyi na ƙasan teku yakan taso a gaɓar Gana, zafin saman ruwa ya sauka ƙasa da digiri 25. Zai buƙaci rigar milimita 5. A ce kuma ya samu tukunyar ƙarfe mai lita 15 da farantin ƙarfe marar tsatsa, wanda shi kaɗai yana kai kilo biyu da rabi. Amsar farko ta zama kusan kilo 8, ta biyu kilo 9, ta uku kuwa kilo 11 ko 12, domin cikakkiyar tukunyar ƙarfe irin wannan tana iya nutsewa da kilo biyar. A nan laba 30 ce ta dace, babu rara mai yawa.

Daga laba 40 zuwa sama na masu goya tukwane biyu ne a jere, ko masu busasshiyar riga a ruwan ƙanƙara. Tukwanen ƙarfe biyu masu lita 12 suna ɗauke da iska ta kusan kilo 7, kuma an faɗaɗa jakarsu ne don ta leƙo ta gefensu. Wannan irin nutso horonsa daban ne.

Abin da babbar jaka ke jawowa

Idan aka ɗora faffaɗar jaka a ƙarƙashin tukunya ɗaya, fikafikanta sukan naɗe sama su rungume tukunyar. Iska ta maƙale a lungunan da suka ɗaga, a danna maɓallin sacewa ta ƙi fita, sai mutum ya yi ta karkata jiki yana neman inda za ta bi. Faɗin kuma yana ƙara jan ruwa. A kogin da ke gudu bayan an buɗe Bagre wannan ƙarin gajiya ne da ƙarin shan iska.

Babbar illar ita ce tana ɓoye kuskuren dalma. A ce mutum ya ɗaura kilo 6 fiye da buƙata. Ƙaramar jaka za ta tona masa asiri tun a bakin ruwa. Babba kuwa za ta ɗauke nauyin shiru, ya sauka mita 20 da lita 6 na iska a bayansa wadda ba ta da wani aiki sai ɗaukar dalmar banza. Ya ɗan taso zuwa mita 10 bai sace ba, lita 6 ta zama 9, yana da kilo 3 da ke jan sa sama. Yana ƙara tasowa tana ƙara kumbura, tana ƙara kumbura yana ƙara gudu, kafin ya kai sama ta zama lita 18. Jakar laba 60 za ta riƙe wannan iska duka. Ta laba 18 da ta kai lita 8 bawul ɗinta zai buɗe ya zubar da sauran. Haka abin yake idan maɓallin hurawa ya maƙale: girman jakar shi ne iyakar ƙarfin da zai harba mutum sama.

Ƙa'idar tasowa ita ce kada a wuce mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya. Wanda ya wuce haka da yawa yana fuskantar abu biyu. Iskar naitirojin da ta narke a jininsa a ƙasa tana iya yin kumfa kamar lemon kwalba da aka buɗe da gaggawa, ta kama gaɓoɓi ko laka, har ta kai ga shanyewar jiki. Idan kuma tsoro ya sa ya riƙe numfashi, huhunsa na iya fashewa ko da daga zurfin mita biyu ko uku ne. Maganin na farko ɗakin matsi ne na musamman, wanda ba kowane asibiti ke da shi ba. Tawagar da ke aiki a arewa ta san tun kafin ta jiƙa ƙafa inda mafi kusa yake da awoyin da za a yi kafin a kai, ta kuma riƙe tukunyar oksijin a bakin ruwa.

Ƙanƙantar da ta wuce kima ita ma tana da nata: mutum ya kasa tsayawa a ƙasa sai da bugun ƙafa, ya tayar da laka, ko ya taso a gajiye igiyar ruwa tana dukan fuskarsa. Amma a kasuwar gwanjo ba wannan ce matsalar da aka fi cin karo da ita ba.

Dajin da ke ƙarƙashin tafki

Tafkin Volta ya samu ne bayan kammala madatsar Akosombo a 1965. Faɗinsa kusan murabba'in kilomita 8,500 ne, kuma inda ya fi zurfi yana kai mita 75. Ba a sare yawancin itatuwan da ke wurin ba kafin ruwa ya rufe su, suna nan tsaye har yau. Su ne ke fasa jiragen fasinja, su ne ke sarƙe komar masunta, kuma saboda su ne ake tura yara ƙanana su nutsa ba da komai ba don kwance raga, wasu ba sa fitowa. Dokar yara ta Gana ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai haɗari, dokar fataucin mutane ta 2005 kuma ta haramta sayen yaran da ake kawowa wannan aiki. Babu kayan nutso da zai halatta abin da dokokin nan suka hana. Inda kayan ke da amfani shi ne su ba baligi mai horo damar yin aikin.

Ga mai zaɓen jaka, wannan daji yana nufin abu biyu. Na farko, siririya wadda ba ta leƙo ta gefen jiki ba ta fi wuyar kamuwa a reshe ko raga, a ruwan da wani lokaci mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Wasu jakunkuna suna zuwa da robobin ɗaure a waje don su tsuke su. A cikin rassa waɗannan ƙarin abin sarƙewa ne. Mai siffar zobe, wadda iska ke zagayawa ta ƙasa, ta fi mai siffar kofaton doki sauƙin sacewa ga mai tukunya ɗaya.

Na biyu, jaka tana hujewa. Tambayar da kowane mai nutso zai yi wa kansa ita ce: idan ta mutu a ƙasa a minti na farko, zan iya tasowa da ƙafata? Mai ƙarfi da takalmin iyo mai kyau yana iya tura kilo huɗu ko biyar na ɗan lokaci. Abin da ya wuce haka dole ya zama dalma ce da za a iya kwancewa a yar. A misalin Yapei nauyin kilo 5 ne a mafi muni, yar da kilo biyu ya isa. Haɗin da ya fi haɗari shi ne tukunyar ƙarfe babba da farantin ƙarfe a kan siririyar riga a ruwan daɗi. Mutum yana nutsewa ko ba dalma, kuma ba shi da abin yarwa, don ba a yar da tukunyar da ake shaƙa. Sayen babbar jaka ba ya gyara wannan. Sauya faranti zuwa alminiyam, ko tukunya, shi ke gyarawa.

Ba jakar dako ba ce

Mafi yawan kiran da ake yi wa mai nutso a arewa na ɗauko wani abu ne. A nan ne wasu ke kafa hujjar sayen laba 60: ai za mu ɗago inji da ita. Injin kwalekwale mai ƙarfin doki 40 ya haura kilo 60. Wanda ya rungume shi ya cika jakarsa don su taso tare, da zarar ya suɓuce daga hannunsa ya zama mutum mai kilo ashirin da wani abu na iska a baya ba tare da abin da zai riƙe shi ba. Aikin mai nutso shi ne ya ɗaura igiya, na sama su ja, ko ya yi amfani da buhun ɗaga kaya na musamman wanda ake hurawa daban kuma ba a ɗaure shi a jiki.

Haka ma wajen ciro mamaci. Dangi suna tsaye a bakin ruwa, ana son a yi sutura kafin rana ta faɗi, nauyin idonsu yana kan mai nutso. Jikin mamaci a ruwa ba shi da nauyi sosai, abin da ke riƙe shi laka ce ko raga ko reshe, kuma idan ya saki farat ɗaya yake saki. Igiya daga sama ta fi mutunta mamacin, ta kuma fi tsare mai rai.

Jakar baya ba rigar ceto ba ce. Idan ta cika a saman ruwa tana tura mutum gaba, fuska ta nufi ruwa, sai ya jingina baya ko ya rage iskar. Wanda ya suma ba za ta juya shi rigingine ba. Masu tuƙi da masu riƙe igiya a kwalekwale rigar ceto ta gaske za su sa.

Gwaji da kulawa

Alƙaluman da aka kawo a sama ƙiyasi ne na kayan da aka saba gani. Na mutum na kansa ana iya auna su da rana ɗaya a ruwa marar zurfi. A rataye kayan a sikelin hannu irin na masu kifi, tukunya cike, jaka a sace, a nitsar da su gaba ɗaya: abin da sikeli ya nuna shi ne amsar tambaya ta uku. A sa rigar roba a cikin raga, a kore iskar da ta maƙale, a yi ta ƙara dalma har ta nutse: abin da aka ƙara shi ne ɗagawarta. Ita kanta jakar, a haɗa ta da faranti da tukunya yadda za a goya ta, a cika, a rataya mata dalma har ta fara nitsewa, a haɗa da nauyin kayan. Sau da yawa abin da za a samu bai kai lambar da ke jiki ba, domin tukunya da faranti sun matse ta.

Ta gwanjo a cika ta taf a ajiye ta kwana. Idan da safe ta yi laushi, akwai huji ko bawul ya gaji. A duba wuyan tiyo inda ya haɗu da jaka, nan roba ke fara tsagewa. A danna maɓallin hurawa sau da yawa a ga ko yana dawowa da kansa. Ƙurar hunturu da yashin kogi su ne ke maƙale shi, don haka mai nutso ya koyi zare tiyon da hannu ɗaya ido a rufe, ya kuma wanke maɓallin da ruwa mai tsabta bayan kowane aiki. A ɗauraye cikin jakar ma, a zazzage, a bar mata iska kaɗan don kada bangonta ya manne.

Zafin Tamale a Maris da Afirilu yana kai digiri 40, cikin motar da aka rufe kuma ya fi haka nesa. Jakar da aka bari a cike a but ko a rana robarta tana saurin mutuwa, ɗinkinta yana saki. A inuwa ake ajiye ta, nesa da fetur da man inji. Iskar tukunya kuma ba daga injin mai faci ake samun ta ba: ƙarfinsa bai kai ko kusa da bar 200 ba, kuma hayaƙi da man da ke cikin iskarsa suna iya sumar da mutum a ƙasa. Takardar shaidar matakin farko ta ƙungiyar PADI tana tsayawa ne a mita 18, ta CMAS da ƙasashe masu Faransanci suka fi sani a mita 20, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ta ƙunshi aiki a ruwa mai duhu, mai gudu, mai raga. Wannan darasi ne na daban da ake ɗauka da igiya a ƙugu da mutum na biyu a shirye a cikin kwalekwale.